Shin Kirista zai iya ƙaunar kansa ba tare da ya zama mai son kai ba?

Murya ta Biyu ta rubuta:

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ku yi haƙuri, maganar tawa za ta ɗan yi tsawo, don na daɗe ina juya ta a ciki.

Shekaruna 34, ina da aure da 'ya ɗaya 'yar shekara bakwai, aikina koyar da lissafi. Shekara 11 ke nan ina cikin ƙungiyar mawaƙan ikilisiyarmu, a murya ta biyu, layin baya, kujerar ƙarshe ta jikin bango. Ni ce sakatariyar ƙungiyar, ni ce mai ajin ƙananan yara a makarantar Lahadi, kuma in aka ce wa zai tsaya ya tattara kujeru bayan an tashi sujada, kafin a rufe baki na miƙe. Mutane kan ce, "Kai, wance akwai tawali'u." Ni ma da haka na ɗauka.

Abin da ya hana ni barci makon nan 'yata ce. Ranar Talata da yamma tana zaune a ƙasa kusa da ni tana aikin da aka ba su a makaranta, sai hannunta ya ture kofin ruwa a kan littafin. Ban yi mata faɗa ba, ban ma kai ga buɗe baki ba. Sai ta dafe kai da hannu biyu ta ce, "Ni dai banza ce. Ba abin da na iya." Da irin muryata ta faɗa, har da ɗan tsakin nan da nake ja a ƙarshe. Jikina ya yi sanyi. Ban taɓa ce wa yarinyar nan banza ba, Allah shi ne shaida. Kaina nake gaya wa, a gabanta, kullum: in na manta makulli, in na makara, in na yi kuskure wajen haɗa makin ɗalibai.

Da ta yi barci na ɗauko littafin da nake rubuta addu'o'ina. Kun san malamar lissafi ba ta ganin abu ta ƙi ƙirgawa. A shafi 40 na ƙarshe, na rubuta "ni banza ce" ko "ban cancanta ba" sau 63. "Na gode" kuwa sau 9.

Matar da ta rene ni, Allah ya saka mata, ta ciyar da ni ta kuma sa ni a makaranta, amma tana da wata magana da ba ta rabuwa da bakinta: "Ke dai ba za ki taɓa zama komai ba." Ban riƙe ta a zuciya ba, ta tsufa yanzu. Sai dai da na karɓi Yesu ina da shekara 16, na fara karatun Littafi Mai Tsarki da kaina, sai na ga kamar ya goyi bayanta. Irmiya 17:9 ya ce zuciya ta fi komai rikici. Ishaya 64:6 ya ce ayyukan adalcinmu kamar tsumma ne mai ƙazanta. Yesu da kansa ya ce duk mai son binsa sai ya ƙi kansa. Na ce to, ashe gaskiya ta faɗa, har da aya.

Ga yadda abin yake a zahiri. Wata takwas ke nan da ƙafar tabarau ɗina ta hagu ta karye, na ɗaure ta da zare, ƙarfin gilashin ma ya yi mini kaɗan, kullum sai na dawo gida da ciwon kai. Duk watan da na ware kuɗin sabo, sai wani cikin ƙannena ya bugo waya da wata buƙata, in tura masa, in ji kamar na yi ibada. A bikin tashin Yesu daga matattu da ya wuce, shugaban mawaƙa ya ce ni zan ja waƙa. Na ce masa mura nake yi. Ƙarya ce, lafiyata ƙalau. In wani ya ce rigata ta yi kyau, sai in nuna masa inda ɗinkin ya karkace. Mijina mutum ne mai haƙuri, amma kwanan baya ya ce mini, "Na gaji da gardama da ke a kan ke."

Wata abokiyar aikina ta ce mini, "Ki riƙa son kanki mana." Sai na ji kamar ta zage ni. A bakinmu "son kai" ai zargi ne, ba a yabon mutum da shi. Muna cewa yabon kai jahilci. Bulus kuma ya sa masu son kansu a sahun farko na mugayen mutanen kwanakin ƙarshe, a 2 Timoti 3:2. Amma ga Matiyu 22:39, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. In da zan ƙaunaci maƙwabciyata kamar yadda nake ƙaunar kaina, da tuni ta tashi daga unguwar.

To ina iyakar take? Abin da nake yi tawali'u ne, ko wani ciwo ne na sa masa rigar tawali'u? In na fara ganin darajar kaina, ta yaya zan san ban zame cikin girman kai ba? Ba na son 'yata ta gaji wannan abin daga wurina.

Kakar Yara ta amsa:

Sannu 'yata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na karanta maganarki sau biyu, a wajen kofin ruwan nan sai da na cire nawa tabarau na share ido. Shekaruna 68, na yi fiye da shekara talatin ina koyar da yara a makarantar Lahadi, kuma rabin shekarun nan irin rayuwarki na yi. Ni a da ko kyauta aka ba ni, ba ta kwana a ɗakina, sai na nemi wanda "ya fi ni buƙata". Ba kirki ba ne ya sa. Ban yarda cewa abu mai kyau zai dace da ni ba ne.

Ki buɗe 1 Sarakuna sura 19 ki karanta a hankali. Iliya ya gama tsayawa shi kaɗai gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, wuta ta sauko, ruwan sama ya dawo. Saƙo ɗaya sarauniya Yezebel ta aika masa, ya tsere har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani ɗan itace ya ce ya isa, Ubangiji ya ɗauki ransa, shi bai fi kakanninsa ba. Wannan ita ce "ni banza ce" ta annabi. Me Allah ya yi masa? Da ni ce, da na fara da wa'azi. Allah kuwa ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, ga abinci da tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci ya sake kwanciya. Aka sake tashinsa ya ci, aka ce masa tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana 40, a Horeb, aka zo maganar gyaran tunaninsa: yana cewa shi kaɗai ya rage, aka ce masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha. Barci, abinci, ruwa, abokin aiki. In Mahaliccin Iliya bai ga zunubi a ciyar da jikin Iliya ba, ke wa ya gaya miki sayen tabarau son zuciya ne?

Akwai wani abu da nakan nuna wa yara, suna jin daɗinsa. A Matiyu 10:29 Yesu ya ce ana sayar da gwarare biyu a ƙaramar tsabar kuɗi ɗaya. A Luka 12:6 kuma ya ce biyar a tsaba biyu. Ke malamar lissafi ce, ki buga. Tsaba biyu ai huɗu za ta saya. Na biyar ɗin gyara ne, wanda mai sayarwa ya jefa a kai don ba shi da wani farashi. Yesu ya ce ko ɗaya daga cikinsu Allah bai manta da shi ba. Har ɗan gyaran. Sannan ya ce kun fi gwarare masu yawa daraja. Shi ya faɗi kalmar daraja, ba masu littattafan zamani ba.

Ayoyin da kika kawo gaskiya ne, ni ma mai zunubi ce, ba na musu. Amma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, 1 Korintiyawa 6:20 kuma ta ce da tsada aka saye mu. Ya san abin da yake saya. Ke kuma kin tsaya a gaban mai sayen kullum kina ce masa ya yi asara.

Ki lura da ɗan nan da ya ɓace a Luka 15. Tun a hanya ya shirya jawabinsa, a aya 19 har da cewa a mai da shi kamar ɗaya daga cikin ma'aikata. Ki duba aya 21. Da ya iso ya fara, bai kai ga wannan ɓangaren ba, uban ya riga ya aika a kawo riga da zobe da takalmi. Ke shekara 18 kina ƙoƙarin ƙarasa wannan jimlar.

Game da jikata kuwa, kada ki yi mata dogon bayani. Ki zaunar da ita ki ce, "Maganar da Mama take faɗa wa kanta ba gaskiya ba ce, kuma Mama ta yi kuskure da take faɗa." Yara suna gafartawa da wuri. Abin da ba su iya yi shi ne su daina kwaikwayon abin da suke gani.

Mai Bin Aya ya amsa:

'Yar'uwa, Allah ya ba ki sauƙi. Mama ta yi magana mai kyau, ina girmama ta, amma zan ɗan ja birki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Babu inda Littafi Mai Tsarki ya umarci mutum ya ƙaunaci kansa. A Matiyu 22 Yesu ya ce doka biyu ce, ya ƙirga su da bakinsa: ta fari da ta biyu. Yanzu wasu masu wa'azi sun cusa ta uku a tsakiya, wai sai ka fara ƙaunar kanka kafin ka iya ƙaunar wani. Ayar ba ta faɗi haka ba. "Kamar kanka" ma'auni ne na abin da tuni yake nan. Afisawa 5:29 ta ce ba wanda ya taɓa ƙin jikinsa, sai dai ya ciyar da shi ya kula da shi. Mu ma muna cewa so duka so ne, amma son kai ya fi. Ba sai an koya wa ɗan Adam wannan ba.

Ina faɗin haka ne don na taɓa faɗawa ramin. Akwai shekarun da na cika wayata da jawaban masu ƙarfafa gwiwa. Kowace safiya in tsaya gaban madubi ina cewa ni zakara ne, ni na musamman ne, duk wanda bai san darajata ba in rabu da shi. Na rabu da abokai biyu da suka gaya mini gaskiya, na sa musu suna masu hassada. Matata in ta yi ƙorafi sai in ce tana rage mini kwarjini. Da bashi ya kama ni har wuya, waɗancan abokan biyu ne suka zo. Tun daga nan in na ji kalmar "ƙaunar kai" sai gabana ya faɗi.

Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka wanda ya rasu a shekara ta 430, ya ce ƙauna iri biyu ce ta gina birane biyu: son kai da ya kai ga raina Allah ya gina birnin duniya, ƙaunar Allah da ta kai ga raina kai ta gina birnin sama. Ni a nan na tsaya.

Kuma ki yi mini haƙuri da wannan, 'yar'uwa. Kin ce sau 63 kin rubuta "ni banza ce". Wa ake magana a kansa sau 63 ɗin nan? Ke. Mai girman kai yana kallon madubi yana murmushi, mai raina kai yana kallon madubi yana kuka, amma dukansu madubin suke kallo. Ƙaryar murar da kika yi, mutuncinki kike karewa kada a ga kin yi kuskure. Maganinki ki ɗauke ido daga kanki ki zuba wa Yesu, kamar yadda Ibraniyawa 12:2 ta ce.

Amma tabarau kam ki je ki saya. Wannan ba ya buƙatar aya.

Ɗalibin Tauhidi ya amsa:

Yaya Mai Bin Aya, na yarda da kai cewa doka biyu ce, ba uku ba, kuma abin da ya same ka gargaɗi ne gare mu duka. Inda na rabu da kai shi ne maganar madubi. Akwai gaskiya a ciki, amma maganin da ya warkar da kai ba lalle ne ya dace da ita ba. Mutumin da aka rene shi da "ba za ka zama komai ba", in ka ce masa raina kan da yake yi ma girman kai ne, sabuwar bulala kawai ka miƙa masa. Gobe za ta rubuta ta 64: "ni banza ce, ga shi kuma ina da girman kai."

Yaya Murya ta Biyu, ina ganin harshe ne ya fara ɗaure ki. A 2 Timoti 3:2 kalmar Helenanci ita ce filautos, kuma Bulus ya jera ta tare da masu son kuɗi, ya rufe jerin a aya 4 da masu son nishaɗi fiye da son Allah. Wato mutum ne da ya ɗora kansa a kujerar Allah. Wannan shi ne son kai ɗin da muke zargi. A Matiyu 22:39 kuwa wata kalma ce dabam, irin ƙaunar da ke neman alherin wanda ake ƙauna. Abokiyar aikinki kalmar ce ta kuɓuce mata. Da ta ce ki mutunta kanki, ko ki san darajar kanki, da ba ki zabura ba.

Haka ma "ya ƙi kansa". Kalmar da ke Markus 8:34 ita ce dai aka yi amfani da ita a Markus 14:30, inda Yesu ya ce Bitrus zai yi musun saninsa sau uku. Ma'anarta mutum ya janye biyayyarsa daga wani. Ƙin kai shi ne in sauka daga kujerar mulkin rayuwata in bar wa Yesu. Tsanar kai wani abu ne dabam, kuma mai tsanar kansa sau da yawa yana nan daram a kujerar, ya dai koma alƙali ne. Ki ji Bulus a 1 Korintiyawa 4:3-4: ya ce hukuncin mutane ƙaramin abu ne a wurinsa, ko shi ma ba ya yanke wa kansa hukunci, Ubangiji ne mai yi masa shari'a.

Wurin da ya fi taimakona shi ne Yahaya 13. Kafin a ce Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajirai, aya 3 ta fara gaya mana abin da ya sani: Uba ya ba da komai a hannunsa, daga wurin Allah ya zo, wurin Allah kuma za shi. Da wannan sanin ya sunkuya. Wanda bai san ko shi wane ne ba, in ya sunkuya tsoro ne yake sunkuyar da shi, shi ya sa ba ya iya cewa a'a. Yesu kuwa yana cewa a'a. A Markus 1 an ce masa kowa yana nemansa, ya ce su tafi wasu garuruwa. A Markus 6:31, da hidima ta hana su ko cin abinci, ya ce wa almajirai su keɓe su huta kaɗan. Da wani ɗan tsaro ya mare shi a gaban babban firist, a Yahaya 18:23, bai ce "na cancanta" ba, ya tambaye shi dalilin marin. Bulus ma da aka yi musu bulala shi da abokin tafiyarsa Sila a Filibi ba tare da shari'a ba, alhali su 'yan ƙasar Roma ne, aka aiko a sallame su a ɓoye, ya ce ina, mahukuntan su zo da kansu su fitar da su. Yana Ayyukan Manzanni 16:37. Wannan mutumin ne ya kira kansa mafi ƙanƙanta cikin manzanni, sannan a aya ta gaba, 1 Korintiyawa 15:10, ya ce ya fi su duka aiki, amma alherin Allah ne da ke tare da shi. Bai ɓoye zunubinsa ba, bai kuma ɓoye baiwarsa ba.

Kin tambayi yadda za ki san ba ki zame cikin girman kai ba. Ki duba inda darajar ta fito. Wiliyam Jems, masanin halayyar ɗan Adam ɗan Amurka, ya rubuta a 1890 cewa ƙimar da mutum ke ba kansa ita ce nasarorinsa a raba da burinsa. In haka ne, kullum kina kan sikeli, yau sama gobe ƙasa, kuma dole ki riƙa leƙen na kusa da ke. Ta Kirista ba ta wannan lissafin ba ce. Farawa 1:27 ta ba ki ita tun kafin ki yi komai, gicciye ya tabbatar da ita bayan kin ɓata. Abin da aka ba ka kyauta ba ka da bakin fahariya da shi (1 Korintiyawa 4:7), ba ka kuma da ikon cewa shara ne. Romawa 12:3 ta hana mutum ya ɗauki kansa fiye da yadda ya kamata, amma ba ta ce ya ɗauki kansa ƙasa da haka ba. Ta ce ya auna kansa da natsuwa, sannan ta shiga lissafa baye-baye, ta ce mai kowace baiwa ya yi aiki da ita. Mai murya da ta ce mura take yi ba ta auna daidai ba.

Yaya, tunda ka kawo Agustin, bari in kawo Barnad, shugaban wani gidan masu zuhudu a Faransa da ya rasu a 1153. Ya ce ƙauna hawa huɗu ce. Mutum yana fara son kansa don kansa. Sai ya so Allah don abin da yake samu. Sai ya so Allah don Allah. Da ni ne da nan na tsaya, amma ya sa na huɗu a sama da duka: mutum ya ƙaunaci kansa saboda Allah kaɗai. Ya ce da wuya a kai wannan hawan a duniya. Abin da ya burge ni shi ne bai jefar da kai ɗin ba, ya dawo da shi a ƙarshe a hannun Mai shi.

Nas Mai Aikin Dare ta amsa:

Ni ba zan shiga gardamar malamai ba, ƙanwata. Tambaya zan yi miki. Rashin barcin nan na makon nan ne kawai, ko ya daɗe? Kina cin abinci? Abubuwan da kike jin daɗinsu a da, har yanzu kina ji? In baƙin ciki da jin cewa ba ki da amfani sun wuce mako biyu suna bin ki kusan kullum, ki ga likita, domin ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta Bishara ai likita ne. In kuma tunanin gara ki mutu ya taɓa zuwa miki, kada ki kwana da shi ke kaɗai, ki gaya wa mijinki ko wani da kika amince da shi a ranar, ku nemi taimako.

Ciwon kai na wata takwas ba abin wasa ba ne, jiki magayi. In kin je gwajin ido ki sa a auna miki jini ma. Sannan ayyuka huɗu a ikilisiya sun yi wa mutum ɗaya yawa. Musa ma da ya zauna yana shari'a daga safe har yamma, surukinsa Yetro ya ce masa abin da yake yi ba daidai ba ne, zai gajiyar da kansa da jama'ar duka. Fitowa 18 ce.

Murya ta Biyu ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru kwana goma sha biyu ne don ina so in dawo da wani abu a hannu.

Mama, na yi yadda kika ce. Na zaunar da 'yata a bakin gado na gaya mata. Ta dube ni ta ce, "To Mama, in kin sake faɗa in tuna miki?" Na ce e. Ban san abin da na jawo wa kaina ba. Sau huɗu ta kama ni a kwana uku na farko, ɗaya ma a gaban baƙi.

Yaya Mai Bin Aya, maganarka ta yi mini zafi, na kwana ina mayar maka da amsa a zuciya. Amma wajen ƙaryar mura ka faɗi gaskiya, tsoron kunya ne, ba wani tawali'u. Na je na gaya wa shugaban mawaƙa cewa ƙarya na yi masa. Ya yi dariya ya ce ai ya sani, mai mura ba ta tsayawa tattara kujeru tana rera waƙa. Sai dai ban yarda cewa ni da mai fahariya abu ɗaya muke yi ba. Har yanzu ina tauna wannan.

Ƙanena ɗalibi, Yahaya 13:3 na kwafe ta a bangon littafin addu'ata. Na sha karanta surar, ban taɓa ganin ayar ba, kullum sauri nake in kai wajen tawul.

Anti Nas, na je. Jinin ya ɗan hau, an ce in dawo bayan mako biyu a sake aunawa, na kuma gaya wa likitan maganar barcin. Tunanin mutuwa bai taɓa zuwa mini ba, na gode da kika tambaya kai tsaye. An canza mini tabarau. Ranar da na karɓo, wani cikin ƙannena ya bugo waya kamar an aiko shi, na ce masa wannan watan ba zan iya ba. Na ajiye wayar hannuna yana rawa, na yi ta jiran wani mugun abu ya faru. Da yamma ya turo saƙo ya ce ba komai, ya samu a wani wuri. Aikin sakatariya ma na miƙa wa wata, ajin yara kuwa na riƙe, don shi ina son sa da gaske.

Kalmar "ƙaunar kai" har yanzu ba ta zauna a bakina ba, in na faɗa sai in ji kamar na ari rigar wani. Ranar Lahadin nan ni na ja waƙar buɗe sujada. A baiti na biyu muryata ta shaƙe, na shiga kafin mai kiɗa, kowa ya ji. Da muka fito wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta ce waƙar ta taɓa ta. Na buɗe baki zan fara lissafa mata inda na ɓata, sai na ji 'yata tana jan gefen rigata. Na ce, "Na gode, Mama." Da sabon tabarau ɗin ma na gano cewa agogon bangon majami'armu ya tsaya, ban san tun yaushe ba.